Kundin Aikin Fim ɗin Gizo Bayan Ƙaura Daga Windows Zuwa Linux

Asabar, 20 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin gajeren fim ɗinmu na yara yake tafiya a daidai lokacin da nake sauya babbar manhajar kwamfutar da nake aiki da ita. Fim ɗin katun ne na tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tsawonsa minti 4, wato firam 5,760 ke nan idan aka lissafa 24 a kowace daƙiƙa. Mu biyu ne a kan aikin, ni da ƙanena wanda yake kula da sauti da haɗa muryoyi.

Dalilin ƙaurar ba son sabon abu ba ne. Kamfanin Microsoft ya sanar tun tuni cewa daga ranar 14 ga Oktoba ta bana zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, shi kuma Windows 11 yana buƙatar ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 ko sama da haka, alhali tawa ta zubi na 7 ce. Ban da wannan, lafiyar kwamfutar ƙalau, tana da gigabait 16 na ma'adanar wucin gadi da katin hoto RTX 2060, kuma ba na jin hankali zai ɗauki a jingine ta a sayi wata a irin tsadar da ake ciki. Na zaɓi Linux Mint 22.2, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, ana kuma ci gaba da kula da shi har shekarar 2029. Abin da ya ƙara min ƙwarin guiwa shi ne manyan gidajen katun na Amurka irin su Pixar da DreamWorks sun daɗe suna gudanar da aikinsu a kan Linux, sai dai su suna da ma'aikata na musamman masu kula musu da na'urori, ni kuwa ni ne mai zane, ni ne kuma makaniken.

Asabar, 27 ga Satumba, 2025

Makon nan gaba ɗaya na yi shi ne ina tattara kaya, kamar mai shirin tashi daga gidan haya. Na zauna na rubuta duk manhajojin da nake taɓawa a wata guda, na duba wacce za ta bi ni, wacce kuma za ta tsaya. Blender da nake motsa siffofi da shi, da Krita ta zane, da Audacity ta gyaran sauti duk suna da zubin Linux, don haka babu damuwa a kansu. 3ds Max kuwa a kan Windows kaɗai yake aiki, haka nan After Effects da Photoshop da ZBrush ba su da zubin Linux. Maya yana da shi, amma an tsara shi ne domin dangin Red Hat irin su Rocky Linux, kuma ni dama ba da shi nake aiki ba.

Wanda ya fi ci min lokaci shi ne 3ds Max, saboda a cikinsa na sassaƙa siffar Gizo da ta Ƙoƙi da rumbun hatsi da bukkar da labarin yake faruwa a cikinta, tun kafin in koma Blender a sauran aikin. Blender ba ya buɗe fayil mai ƙarshen max, saboda haka dole in fitar da kowace siffa zuwa FBX, tsarin fayil da Blender yake iya karantawa, tun ina da hanyar yin haka. Na fitar da kowacce sau biyu, ɗaya FBX ɗaya OBJ, domin idan ɗayan ya ba da matsala in sami madogara. Wani gwajin tafiyar Gizo da na yi a bara, wanda nake son yadda ƙafafunsa suke sauka a cikinsa, na fitar da shi zuwa Alembic, tsarin da yake adana matsayin kowane ɗigo na siffa firam bayan firam, ko da yake ba za a iya gyara motsin ba bayan an adana shi haka.

Na kwafe komai a faifan waje, sannan na sayi sabon faifan SSD domin Linux ya zauna a kansa shi kaɗai. Tsohon faifan mai ɗauke da Windows ban goge shi ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba, 2025

Na ɗora Linux Mint jiya da dare, kuma aikin bai kai rabin sa'a ba. Na sa direban katin hoto, wato manhajar da take sa katin ya yi aiki, ta manhajar Driver Manager da take zuwa da tsarin, na sake kunna kwamfutar, sai ga wani shuɗin allo yana tambayata wani abu game da mabuɗi. Ban tsaya karantawa ba, na danna na wuce. Da na buɗe Blender na shiga sashen zaɓin na'urar Cycles, injin da yake fitar da hoton ƙarshe na fage, sai na tarar babu katin hoton ko a ƙarƙashin CUDA ko a ƙarƙashin OptiX, hanyoyi biyu da yake amfani da irin katina, ƙwaƙwalwar kwamfutar kaɗai yake gani.

Sai da na kwana na tashi na gane cewa gaggawata ce ta jawo. Kwamfutar tana da kariyar Secure Boot a kunne, wadda ba ta barin wani direba ya shiga zuciyar tsarin sai yana ɗauke da sa hannun da ta amince da shi, shuɗin allon nan da na tsallake kuwa shi ne wurin da ake yi wa mabuɗin rajista. Na sake bin matakin, na shigar da kalmar sirrin da aka nema, kuma da na rubuta nvidia-smi a tagar umarni sai ga sunan katin da zafinsa da yawan ma'adanar da yake amfani da ita. Daga nan OptiX ya bayyana, na zaɓe shi, tunda shi ne yake cin moriyar sassan bin haske da ke cikin katunan RTX.

Wani abu da ya kamata in rubuta: Blender da ke cikin rumbun manhajojin tsarin zubi na 4.0 ne, ni kuwa fayilolina na 4.5 ne. Don haka na sauko da 4.5 daga shafin Blender kai tsaye, ƙunshi ne da bai kai rabin gigabait ba, ana warware shi a cikin folda a danna kawai, babu wani shigarwa. Wannan zubi na 4.5 ya fito a watan Yuli, kuma yana cikin waɗanda ake kula da su tsawon shekara 2, abin da ya dace da aikin da ba a so ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa.

Asabar, 11 ga Oktoba, 2025

Yau ce ranar da na fi shan wahala tun da na fara, kuma babu laifin wata manhaja a ciki, tsohon sakacina ne ya biyo ni.

Na buɗe fage na farko, inda Gizo yake leƙen rumbu da asuba, sai na ga bangon bukka da jinkar rumbu da rigar Ƙoƙi duk sun rikiɗe sun zama ruwan hoda mai kashe ido. Duk mai aiki da Blender ya san wannan launi, alama ce cewa manhajar ta nemi hoton da aka lulluɓe siffa da shi ba ta same shi ba. Na ɗauka abu ne na minti biyar, ashe kashi biyu ne matsalar.

Kashi na farko shi ne adireshin fayiloli. Shekara da shekaru ina jawo hotuna daga ko'ina a kwamfutar, wani daga faifan D, wani daga foldar da ake sauke kaya, kuma fayil ɗin yana riƙe da cikakken adireshin kowanne tun daga harafin faifai. A Linux babu faifan C babu faifan D, komai yana rataye ne a jikin saiwa guda, don haka waɗancan adireshi sun zama kwatancen gidan da aka rushe. Wannan ya warware cikin sauƙi: na tara dukkan hotunan a folda ɗaya kusa da fayilolin aikin, na yi amfani da umarnin Find Missing Files na nuna masa foldar, sannan na mayar da adireshin duka su zama na dangantaka, wato ana lissafa su daga inda fayil ɗin yake zaune, ta yadda ko an ɗauki foldar an kai wata kwamfuta ba za su ɓace ba.

Kashi na biyu ne ya kai ni har bayan sallar isha'i. Bayan an gyara adireshi, jinkar rumbu da ƙasan tsakar gida sun ƙi dawowa, ga kuma hotunan ina kallonsu a cikin foldar. Na yi ta buɗewa ina rufewa kafin idona ya kai kan abin: a cikin fage sunan hoton Jinka ne da babban harafi, a kan faifai kuwa jinka ne da ƙarami, domin na taɓa sake adana shi ban kula ba. Windows yana ɗaukar waɗannan biyun suna guda, tsarin ext4 na Linux kuwa yana ɗaukarsu fayiloli biyu mabambanta. Watau shekaru ina rubuta suna yadda na ga dama, tsohon tsarin yana rufa min asiri ban sani ba. Na bi fage 11 ɗin da muke da su ɗaya bayan ɗaya, na kuma kafa wa kaina doka da ni da ƙanena cewa daga yau sunan fayil ƙananan haruffa ne zalla, babu tazara a tsakani, babu harafi mai lanƙwasa. Ya ce min, "Yaya, ai tun bara nake faɗa maka sunayen nan naka za su kai mu su baro." Ban musa ba, domin ya faɗa ɗin.

Akwai kuma ƙaramin abu da ya shafi tsohon faifan. Da na nemi kwafo wani abu in adana a kansa daga Linux, sai ya ba ni damar karantawa kawai. Dalili shi ne Windows yana da wani tsari na tashi da sauri wanda ba ya rufe faifai gaba ɗaya idan an kashe kwamfuta, Linux kuma yana gudun rubutu a kan faifan da aka bari a wannan hali kada ya lalata shi. Na koma Windows na kashe wannan zaɓi, shi ke nan.

Talata, 14 ga Oktoba, 2025

Yau wa'adin Windows 10 ya cika. Na cire wa tsohon tsarin hanyar shiga intanet, zan bar shi ne kawai domin ranar da na tuna wata siffa da ban fitar ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 2025

Na shigo da Gizo daga FBX. Jikinsa ya iso lafiya, haka ma shimfiɗar fatarsa, wato taswirar da take nuna inda kowane yanki na hoto zai kwanta a jikin siffa. Girman ne ya zo ba daidai ba saboda ma'aunin da na yi aiki da shi a can daban ne da mitar da Blender yake lissafi da ita, na daidaita shi da tsayin ƙofar bukka. Ƙasusuwan da ake motsa shi da su kuwa sun iso a matsayin ƙasusuwa kawai, duk maɗauran da suke sa ƙafa ta tsaya a ƙasa idan an ja gangar jiki sun zube a hanya, tunda FBX ba ya ɗaukar irin wannan dabara daga wata manhaja zuwa wata. Na yanke shawarar sake gina su daga tushe da Rigify, wanda yake zuwa tare da Blender. Ƙafa 8 ba wasa ba ce, amma da na gama ɗaya na kwafa ta na daidaita sauran, kuma gaskiya sabon ginin ya fi tsohon biyayya, domin lokacin da na yi na farkon ina koyo ne.

Ina cikin gyaran gwiwoyinsa ne na ci karo da wani abu mai ban haushi da ban dariya. A Blender, idan ana son zaɓar zoben layuka da ya kewaye siffa, ana riƙe madannin Alt ne a danna linzami. Ni kuwa duk lokacin da na yi haka sai tagar manhajar gaba ɗaya ta biyo hannuna. Ashe teburin Cinnamon na Linux Mint ya ware wannan madanni domin jan taga. Na shiga saitin tagogi na mayar da aikin kan madannin Super, wanda yake ɗauke da tambarin Windows, hannuna ya koma yadda ya saba.

Allon zanen da nake aiki da shi ya kama aiki ina sa shi, har da jin nauyin danna alƙalami, a Krita da kuma Grease Pencil, sashen zane na Blender. A nan na yi tsammanin wahala, sai ba ta zo ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

An ɗauke wuta da yammacin Alhamis ina tsakiyar motsa fagen da Gizo yake kokawar fitowa daga bakin rumbu bayan cikinsa ya cika, batirin ajiya kuma bai riƙe ba. Aikin kusan sa'a biyu ban adana ba. Hankalina bai tashi ba da farko, saboda na san Blender yana adana kwafi da kansa duk bayan minti 2. Da wuta ta dawo na kunna na je neman kwafin, sai na tarar wayam. Bayani ya zo daga baya: manhajar tana ajiye wannan kwafi ne a foldar wucin gadi ta tsarin, a Linux kuwa wannan folda ita ce /tmp, kuma ana share ta duk lokacin da kwamfuta ta tashi. A Windows kwafin yakan zauna har sai mutum ya share da kansa, shi ya sa ban taɓa tunanin inda yake kwana ba. Na buɗe folda ta musamman a cikin babbar foldata ta tsarin, na nuna wa Blender ita a sashen File Paths a matsayin wurin ajiyar wucin gadi. Na sake yin fagen ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Wannan ya sa na sake duba yadda za mu fitar da fim ɗin. Na gwada firam ɗaya na tsakar gida da Cycles, ya ci kusan minti 2, wanda idan aka ninka da 5,760 ya zama sa'a 192, kwana 8 cur kwamfuta ba ta huta ba, abin da wutar unguwarmu ba za ta lamunta ba. Lokacin bai bambanta sosai da wanda na saba gani a Windows ba, sai dai na lura tsarin da kansa ya rage cin ma'adana, don haka fage mai nauyi ya fi sakewa. Na koma EEVEE, ɗayan injin Blender mai saurin fitar da hoto, a yawancin fage, tunda salon fim ɗin na katun ne mai launi shimfiɗaɗɗe, ba ya buƙatar a bi kowane tsirkiyar haske, na bar Cycles domin fagen dare guda biyu da ake kunna aci-bal-bal.

Haka kuma ba za mu fitar da bidiyo kai tsaye ba, sai jerin hotunan PNG, kowane firam da fayil ɗinsa, na kuma cire alamar Overwrite domin idan wuta ta katse aikin a firam na 300, a ci gaba daga nan ba tare da an maimaita na baya ba. A nan ne na fara jin daɗin tagar umarni: da blender -b da sunan fayil da -a a ƙarshe, manhajar tana aiki ba tare da ta buɗe fuskarta ba, kuma na rubuta ɗan jerin umarni da yake bin fage bayan fage cikin dare.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 2025

Makon sauti ne da rubutu. Ƙanena ya naɗi muryoyin da waya, fayilolin suka zo da tsarin AAC. Da farko mun so yin haɗin ƙarshe da DaVinci Resolve, wanda yake da zubin Linux, amma zubin kyauta a Linux ba ya karanta bidiyon H.264 ko sautin AAC, sai an fara juya su zuwa wani tsari. Tunda hotunanmu PNG ne, sautin kuma mun juya shi zuwa WAV da ffmpeg, da ma zai yiwu, amma mun ga Kdenlive ya ishe mu yanka da jerawa, gyaran launi da ɗan hazon asuba da a da nake yi a After Effects kuma na mayar da su sashen haɗa hoto na Blender.

Domin motsin baki na gwada Rhubarb Lip Sync, ƙaramar manhaja da take sauraron murya ta fitar da jerin siffofin baki da lokacin kowanne. Tana da hanyar sauraro ta bin sauti zalla domin harsunan da ba Ingilishi ba, da ita na yi aiki. Ta kama wuraren rufe leɓe na b da m da ɓ yadda ya kamata, ta rage min aiki mai yawa. Inda na sa hannu shi ne harafin f. Siffar da aka tanada masa ita ce haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, yadda Bature yake furta shi, mu kuwa da leɓɓa biyu muke fitar da shi, kuma da na ga Ƙoƙi tana cije leɓe wajen cewa "fara" sai ta zama baƙuwa a idona. Na maye gurbin siffar da ta leɓɓa a kusa da juna. Shi kuwa Gizo, da tsamin bakin da aka san shi da shi a tatsuniya, inda r take komawa y, da hannu na bi maganarsa gaba ɗaya.

Rubutun taken fim ɗin ma ya nemi gyara, domin salon haruffan da na yi amfani da shi na cikin Windows ne, bai biyo ni ba. Na koma Noto Sans, wanda yake da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, don haka sunan Ƙoƙi ya fito da lanƙwasarsa ba tare da na zana ta da hannu ba kamar yadda na yi a da. A cikin saitin allon madannai na tsarin kuma akwai jerin Hausa na Najeriya a shirye, na ƙara shi kusa da na Ingilishi.

Asabar, 22 ga Nuwamba, 2025

Blender 5.0 ya fito a makon nan. Na sauko da shi na warware a foldarsa daban domin in leƙa, tunda a nan zubi biyu suna zama gefe da gefe ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba, amma fim ɗin zai ƙarasa a kan 4.5 da aka fara shi da shi. Haka nan na adana kwafin tsarin yadda yake da manhajar Timeshift domin in iya komawa kansa idan wani abu ya lalace, na kuma dakatar da sabunta direban katin hoto da zuciyar tsarin har sai an gama fitar da firam na ƙarshe, gyaran tsaro na sauran manhajoji kawai nake bari ya wuce.

Inda aka kwana a yau: fage 7 cikin 11 an gama motsa su, 4 daga ciki an fitar da hotunansu. Sau ɗaya kawai na koma tsohon faifan tun ranar 14 ga Oktoba, domin ɗauko ƙwaryar da Ƙoƙi take auna gero da ita, wadda na manta ban fitar ba. Gobe zan fara fagen dare na farko, sai dai ƙafar Gizo ta baya ta hagu tana nutsewa cikin ƙasa idan ya juya da sauri, kuma sai na gyara ta kafin in sa hasken fitilar.